Ragowar Magani a Cikin Nama: Yadda Ake Gwaji a Mayanka

A mayanka irin ta Gwagwalada, Karu ko Dei-Dei a Babban Birnin Tarayya, aikin likitan dabbobi shi ne duba dabba kafin yanka da kuma bayansa. Yana iya gane tarin fuka a huhu ko tsutsar hanta, amma ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ta ganuwa da ido, ba ta kuma da wari.

Ragowar tana samuwa ne idan aka yanka dabba kafin magani ya gama fita daga jikinta. Kowane magani yana da wa'adin jira da ke rubuce a jikin kwalbarsa. Allurar oksitetirasaikilin mai daɗewa a jiki kan buƙaci makonni uku zuwa huɗu. Makiyayi a Sheda ko Kwali da ya yi wa saniya allura, ya ga ba ta farfaɗo ba, ya gaggauta sayar wa mahauci don gudun asara, ya tura maganin ne cikin tukunyar jama'a. Dafuwa kuwa ba ta kawar da shi gaba ɗaya.

Gwajin mataki biyu ne. Da farko ana ɗibar yankin ƙoda, hanta ko tsoka, a haɗa ruwansa da ƙwayoyin bakteriya da aka tanada. Idan suka kasa yaɗuwa, alama ce ta magani. Daga nan sai a kai samfurin ɗakin bincike, inda na'ura za ta tantance irin maganin da adadinsa. Hukumar Codex, wadda FAO da WHO suka kafa a 1963, ta ƙayyade iyakar tetirasaikilin da maikirogiram 200 a kowane kilo na tsoka, 600 a hanta, 1,200 a ƙoda.

Illar ba ƙarama ba ce. Ragowar fenisilin tana iya tayar da borin jini ga wanda jikinsa bai karɓe shi ba, yawan amfani da magungunan kuma yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa ya danganta mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019 da wannan bijirewa.

A Najeriya, NAFDAC ce ke yi wa magungunan dabbobi rajista, an kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024. Tun da ba kowace dabba ake iya gwadawa ba, kariya ta farko tana hannun mai kiwo: ya riƙe ranar allura, ya kuma cika wa'adin kafin ya nufi kara.