Sana'ar da madam ta soke: tarihin Wendie Renard

Ni dai da ƙiyayya na fara sanin Wendie Renard, gara in faɗi gaskiya tun da wuri. Ran 17 ga watan Yuni na 2019 ne, ina lise a Maraɗi, muna zaune tsakar gida da yayyena maza, an fito da tele waje saboda zafi. Faransa da Najeriya ke wasa a garin Rennes, cikin gasar kofin duniya ta mata. Ba sai na gaya muku ɓangaren da muke ba: Jibiya ta fi mana Yamai kusa, balle Paris. Ƴan matan Najeriya sun riƙe wasan babu ci har ya kusa ƙarewa, sai aka ba Faransa penalti, aka kuma kori Ngozi Ebere da jan kati. Wata doguwa wadda ta ɗara kowa tsawo a filin ta zo ta aje balo, ta buga, ya daki ƙarfe ya fita waje. Muka yi ta ihu har Inna ta leƙo daga ɗaki. Ashe murna za ta koma ciki. Masu duba bidiyo suka ce mai tsaron gida, Chiamaka Nnadozie, yarinya ƴar shekara 18, ta bar layi kafin a buga. Aka ce a sake. Doguwar nan ta sake aje balo kamar babu abin da ya faru, ta zura. Ɗaya da nema aka tashi. Babban yayanmu ya kashe tele, ya ce wannan fashi ne da rana tsaka.

Sai da na zo jami'a muka sake gamuwa da ita, kuma ba a filin ƙwallo ba. Ana koya mana darasin jinsi a nahawu, aka zo kan rigimar da Faransawa suka daɗe suna yi game da sunayen sana'o'in mata. Majalisar dattawan harshensu, Académie française, sai a watan Fabrairu na 2019 ta yarda a ba sana'o'i siffar tamata. Har yau jaridunsu ba su daidaita ba kan yadda za su kira mace mai tsaron baya: wasu su rubuta défenseure, wasu défenseuse. Mu Hausa ta hutar da mu, “mai” ba ruwansa da namiji ko mace. Ina neman misali dan aikin da aka ba mu, sai na faɗa kan wani labari da Renard ta bayar da kanta. Tana ƙarama a lakkwal, madam ta ce kowa ya rubuta abin da yake so ya zama. Ta rubuta abu biyu: ƴar ƙwallo wadda ƙwallon ne sana'arta, da ma'aikaciyar jirgin sama. Madam ta soke na farkon, ta ce babu wannan sana'a.

Duk mai jin labarin nan yakan ga laifin madam. Ni ban gani ba. Gaskiya ta faɗa. A lokacin babu wannan sana'a a Faransa. Gwamnatin Vichy ta hana mata ƙwallo a 1941, hukumar ƙwallon ƙasar ba ta karɓe su ba sai 1970, kuma ko da ta karɓe su, wasa ne na bayan an tashi daga aiki. Sai a 2009 aka fito da kwantaragin da ke ba ƴar wasa damar karɓar albashi a hukumance. Cikakkiyar hukumar gasar ƙwararrun mata kuwa sai Yulin 2024 aka kafa ta, Renard na daf da cika shekara 34. Wato sana'ar da ita tare suka girma, kuma abin da ya sa na ga rayuwarta ta cancanci shafi a ɗan littafin nan namu ke nan.

An haife ta ran 20 ga Yuli na 1990 a Schœlcher, cikin tsibirin Martinik da ke tekun Karibiyan. Sunan garin kansa tarihi ne: na Victor Schœlcher ne, wanda ya tsaya aka soke bauta a ƙasashen da Faransa ta mallaka a 1848. Yawancin mutanen tsibirin jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne dan noman rake. Mu mun karɓi ƴanci a 1960, su kuwa tun 1946 aka mai da tsibirinsu wani yanki na Faransa, shi ya sa yarinyar da aka haifa kusan kilomita 7000 daga Paris take sa rigar Faransa. A gida da kasuwa Kiriyol ake yi, a lakkwal Faransanci. Wannan dai mun san shi, ba sai an fassara mana ba.

Ta tashi a Le Prêcheur, wani ƙauyen masunta a arewacin tsibirin, teku a gaba, dutse mai aman wuta a baya. Dutsen shi ne Pelée, wanda ya shafe birnin Saint-Pierre da mutanensa kusan 28,000 a 1902. Daga ƙauyen kaɗan ya rage hanyar mota ta ƙare, har ana yi wa wurin laƙabi da ƙarshen duniya. Ita ce auta cikin ƴaƴa mata huɗu. Tana da shekara 8 ciwon daji na huhu ya kashe mahaifinta. Da yara maza ta koyi ƙwallo, a bakin teku da kuma ƙungiyar ƙauyen, dan babu ta mata.

Tana wajen shekara 15 zuwa 16 aka tura ta gwaji a Clairefontaine, babbar cibiyar horaswa ta hukumar ƙwallon Faransa. Ba a ɗauke ta ba. Nan ne fa labarin ya so ya ƙare, ta koma tsibiri, madam ta yi gaskiya sau biyu. Sai aka samar mata wani gwajin a Lyon, ta hau jirgin ƙasa ta tafi, su suka ce ta zauna. A 2006 ke nan. Ta dace da lokaci, dan shekara biyu kafin nan, a 2004, shugaban Olympique Lyonnais, Jean-Michel Aulas, ya haɗe ƙungiyar matan birnin cikin kulob ɗinsa, kuma ya yi abin da sauran shugabanni ba su yi ba: ya zuba kuɗi. Albashi, likita, filin horo na kirki, tafiya a jirgin sama. Ba na cewa dan Allah ya yi, ɗan kasuwa ne da ya hango kasuwar da babu kowa cikinta. Amma ko me ya nufa, a Lyon ne kalmar da aka soke a kayen yarinyar nan ta zama aikin da ake tashi da safe a tafi.

Abin da ya biyo baya lissafi ne kawai, zan wuce da sauri. Lyon ta ci gasar Faransa sau 14 a jere, daga 2007 zuwa 2020. Ta ci kofin zakarun Turai sau 8: 2011, 2012, sannan biyar a jere daga 2016 zuwa 2020, sai 2022. Duk takwas ɗin da Renard aka ci, kuma daga 2013 ita ce kaftin. Na farkon ya fi daɗin labari: a 2010 Turbine Potsdam ta Jamus ta doke su a bugun penalti, da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa a Landan, Renard ta ci ƙwallon farko, aka tashi 2 da 0.

Kun ga ni ma na faɗa tarkon. Ina rubutu kan mai tsaron baya, amma ƙwallayen da ta ci nake ta ƙirgawa. Tsawonta mita 1 da 87, in aka bugo kwana kanta ya fi na kowa kusa da balo, kuma a gasar 2019 ita ta fi kowa ci wa Faransa, guda huɗu: biyu da ka a ragar Koriya ta Kudu ranar buɗe gasa, penaltin da ya ɓata mana dare, da guda a ragar Amurka ranar da aka fitar da su. Amma ainihin aikinta ba shi da lissafi. Shi ne ta tsaya inda balo zai faɗo tun mai bugawa bai ɗaga ƙafa ba, ta ja layin baya gaba ko ta mai da shi da murya, ta aika dogon bugu daga gida ya sauka a ƙirjin ƴar gefe. Mai tsaron baya in ta iya aikinta, babu abin da ke faruwa, kuma ba a tafa wa abin da bai faru ba. In ta yi kuskure guda kuwa, kamar ƙwallon da Renard ta ci gidansu a wasa da Norway cikin gasar nan, duniya ta gani. Tun da aka fara ba mata kyautar Ballon d'Or a 2018, wadda abokiyar wasanta a Lyon, Ada Hegerberg, ta fara ɗauka, har zuwa 2025 mai tsaron baya ba ta taɓa samu ba.

A ƙungiyar ƙasa abin bai yi mata daɗi kamar a Lyon ba. Ta fara a 2011, ta buga wasa sama da 160, amma Faransa ba ta taɓa ɗaukar babban kofi ba. An ba ta kaftin a 2013. A 2017 aka naɗa Corinne Diacre mai horaswa, ta karɓe mata muƙamin ta ba Amandine Henry. Diacre ba ƙaramar mace ba ce, kada a ɗauka muguwar tatsuniya ce: ita ma mai tsaron baya ce, tsohuwar kaftin, ƙwallonta a ragar Ingila a 2002 shi ya kai Faransa kofin duniya karon farko, kuma ta horar da maza ƙwararru a Clermont daga 2014 zuwa 2017. Amma ta fito daga zamanin da ƴar wasa ke godiya dan an ba ta riga. Renard ta fito daga Lyon, inda ƴar wasa ma'aikaciya ce mai haƙƙi. A ganina rigimarsu ta zamani biyu ce kafin ta zama ta mutum biyu.

An mayar mata da kaftin a 2021, amma wutar ba ta mutu ba. Ran 24 ga Fabrairu na 2023, saura wata biyar a fara kofin duniya, Renard ta sanar cewa ta janye daga ƙungiyar ƙasa, dan tsarin da ake ciki bai kai matsayin ƙwararru ba, kuma tana son kare lafiyar hankalinta. A ranar Kadidiatou Diani da Marie-Antoinette Katoto suka bi ta. Ku duba abin da ta aza a faifai: shekararta 32, mai yiwuwa wannan ne kofin duniyarta na ƙarshe. Kwana huɗu bayan haka shugaban hukumar, Noël Le Graët, wanda ke kare Diacre, ya sauka saboda tasa rigimar daban, ran 9 ga Maris kuma aka sallami Diacre.

Wasu abokaina a fada sun ce wannan raini ne, yaro ba ya tsige malaminsa. Na tuna musu da ƴan matan da muka yi wa ihu a 2019. Kwana biyar bayan wasan Rennes Jamus ta fitar da su, sai suka ƙi barin otel ɗinsu a Faransa har sai an biya su kuɗin da suke bi, kamar yadda suka yi a Abuja a 2016 bayan sun ci kofin Afirka. A lokacin duk mun ce sun yi daidai. Wanda ake yi wa alfarma ba ya yajin aiki, sai mai sana'a.

Wanda aka kawo a madadin Diacre mun san shi sarai a nan: Hervé Renard, mai farar riga, wanda ya ci kofin Afirka da Zambiya a 2012 da Kodebuwa a 2015. Ba su haɗa dangi ba, suna ne ya zo ɗaya. (Kalmar renard ma, wato yanyawa, asalinta sunan wani gwanin wayo ne a tatsuniyoyin Faransa na da, kamar a ce sunan Gizo ya kori ainihin sunan dabbar. Ku yi haƙuri, ɗalibar harshe ba ta iya wuce irin wannan.) Ya dawo da ita, ya bar mata kaftin. A Brisbane ta ci Brazil da ka saura ƴan mintoci a tashi, 2 da 1. Sannan Ostareliya ta fitar da su a bugun penalti a zagayen kwata-final. A wasannin Olamfik na Paris a 2024 Brazil ta rama a zagaye irin wannan.

A watan Mayu na 2025 sabon mai horaswa, Laurent Bonadei, ya fitar da sunayen ƴan wasa, babu nata, babu na Eugénie Le Sommer, ya ce yana son gina ƙungiya da matasa. Aka tafi gasar Turai a Suwizalan ba tare da ita ba, Jamus ta fitar da Faransa a kwata-final, nan ma a bugun penalti. Ita kuwa ta koma bakin aikinta a Lyon, wadda a shekarar aka sauya wa suna zuwa OL Lyonnes, sunan da ya ɗauki siffar tamata. Yarinyar nan ta Rennes ma, Nnadozie, a 2020 Paris FC ta ɗauke ta aiki da kwantaragi, ta yi shekara biyar tana haɗuwa da Renard a gasar Faransa. Na aika wa babban yayanmu hoton su biyu ta WhatsApp. Ya amsa da cewa har gobe penaltin nan fashi ne.