Ginin da Annoba Ta Tsayar: Ziyarar Kwana Biyu a San Gimignano da Siena

Duk wanda ya ratsa yankin Toskana na ƙasar Italiya zai lura cewa tsofaffin garuruwansa a kan tuddai suke, kowanne da ganuwarsa da majami'arsa. Baƙi sukan ce mutanen da suka gina su masoya kyan gani ne. Mu dai, bayan kwana biyu da muka yi a San Gimignano da Siena, mun fi karkata ga cewa tsoro da gasa ne suka kafa garuruwan, annoba kuma ita ta bar mana su a yadda muka same su.

Ranar Asabar da hantsi muka isa San Gimignano. Tun daga nesa abin da ido ke fara gani shi ne hasumiyoyi na dutse guda 14, tsirara, babu ado, tagoginsu 'yan ƙanana. An ce a zamanin da garin ke tashe sun kai 72. Ba na ibada ba ne, gidajen attajirai ne suka gina su, domin garin yana kan hanyar masu ziyarar ibada daga arewacin Turai zuwa birnin Rum, kuma fataucin za'afaran ya azurta shi. Da dukiya ta yi yawa sai gaba ta shiga, musamman tsakanin gidan Ardinghelli da gidan Salvucci. Hasumiya mafaka ce ranar faɗa, ranar zaman lafiya kuwa tinƙaho ce. Abin ya yi ƙamari har a shekarar 1255 hukuma ta hana kowa yin ginin da ya wuce hasumiyar fadarta tsawo. Ana ba da labarin cewa da doka ta hana mutanen Salvucci yin ɗaya doguwa, sai suka yi tagwaye.

Babbar majami'ar garin ba ta da wani kwarjini daga waje, amma bangayenta na ciki zane ne tun daga sama har ƙasa. A ɓangare guda Bartolo di Fredi ya zana ƙissoshin Annabi Nuhu da Yusufu da halakar Fir'auna da jarrabawar Annabi Ayuba. A shekarar 1367 ya kammala aikin, wato shekara 19 bayan annoba. Mun daɗe a gaban zanen Ayuba, muna tunanin cewa da yawa daga waɗanda suka fara kallonsa sun san abin da ake nufi da mutum ya rasa 'ya'yansa duka.

Wajibi ne mu ɗan tsaya kan wannan annoba. A ƙarshen shekarar 1347 jiragen fatake suka shigo da ita tsibirin Sisili, ƙuman da ke jikin ɓeraye na yaɗa ta, kafin bazarar 1348 ta game Toskana. San Gimignano bai farfaɗo ba. A 1353 ya miƙa wuya ga Florence, ciniki ya ja baya, aka rasa mai kuɗin da zai rushe tsohon gini ya ɗora sabo. Talauci ne ya yi wa garin gadi.

Lahadi da sassafe muka nufi Siena, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka, kuma a nan ne labarin ya fi fitowa fili. Siena da Florence sun daɗe ba sa ga maciji. A 1260 mutanen Siena suka damƙa birninsu ga Nana Maryamu kafin su fita yaƙin Montaperti, suka kuwa yi wa Florence mummunan kaye. Daga nan majami'arsu ta zama tutar gari, har marmarar da aka gina ta da ita baƙa da fara ce, launin tambarin birnin. A 1311, da Duccio ya gama babban allon zanensa na Maryamu, rufe shaguna aka yi, aka rako shi daga wurin aikinsa zuwa majami'a da kyandirori da ƙararrawa.

Sai dai Florence ta fara gina tata sabuwar majami'a tun 1296, abin da bai yi wa Siena daɗi ba. Saboda haka a 1339 majalisar gari ta yanke shawarar da har yau take ba mu mamaki: majami'ar da ake da ita, duk girmanta, za ta koma hannu guda kawai na wata sabuwa da za a gina a gicciye. Aka kafa ginshiƙai, aka ɗaga bangon gaba. Shekara 9 ana aiki sai annoba ta sauka, ta tafi da abin da masana ke ƙiyasin ya kusa rabin jama'ar birnin. Wani marubucin tarihin garin, Agnolo di Tura, ya rubuta cewa da hannunsa ya binne 'ya'yansa biyar. Gaskiya kuma ba annoba kaɗai za a ɗora wa laifi ba, domin an yi gaggawa wajen aikin, wasu ginshiƙan sun fara karkacewa, har a 1357 aka ba da umarnin rushe sassan da ke da haɗari. Gaggawa dai aikin shaiɗan ce, ko da ɗakin ibada ake ginawa.

Abin da ya tsira yana nan. Inda aka nufa dubban mutane su tsaya ibada yanzu fili ne da babu rufi. Gefe guda an toshe shi an mai da shi gidan adana kayan tarihi, a can muka ga allon Duccio, wanda aka tsattsaga da zarto a 1771, har wasu gutsattsarinsa suka ƙare a Landan da Washington. Daga cikin gidan ne wata siririyar matakala ta kai mu saman bangon da ba a gama ba. Muka tsaya muna kallon jajayen rufin gidajen Siena da gonakin inabi da zaitun, har mai gadi ya yi mana alama mu sauko, domin wurin ba ya ɗaukar mutane da yawa, ga wasu kuma suna jira a ƙasa.