Santsi Da Taɓo: Waiwaye A Kan Rabuwar Ƙuri'ar Talaka

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini a nan Mahuta, muna cikin darasin tarihi. Cewa ya yi, "Malam, tun da talakawa sun fi kowa yawa a Arewa, me ya hana jam'iyyar talakawa kafa gwamnati?" Na ba shi amsar da ta sawwaƙa a lokacin, amma ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwaya tare da mai karatu, mu duba yadda masu neman sauyi suka riƙa raba ƙuri'unsu tun daga zamanin NEPU har zuwa faɗan Santsi da Taɓo.

Tushen Al'amarin

An kafa jam'iyyar NEPU a birnin Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Manufarta ita ce ƙwato wa talaka 'yancinsa daga zaluncin En'e, wato aikin tilas da harajin da ya fi ƙarfinsa da shari'ar son rai. Magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala, wasu kuma sun rasa sana'arsu. Irin wannan wahala ce ta haifar da biyayyar da za mu gani nan gaba, domin wanda ya yi zaman kurkuku saboda jam'iyya ba ya barinta don an ce masa ba za ta ci zaɓe ba.

To amma tun a wancan lokaci masu adawa da NPC ba su zama tsintsiya ɗaya ba. NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dakta Azikiwe, ita kuwa UMBC ta Joseph Tarka ta bi AG ta Cif Awolowo. Ƙungiyar Samarin Barno ta Ibrahim Imam ta fara tafiya da NEPU, daga baya ta koma wajen AG. Da aka zo zaɓen tarayya na 1959, cikin kujeru 174 na Arewa NPC ta kwashe 134, AG da ƙawayenta suka sami 25, NEPU ta tashi da 8 kacal. Tsarin zaɓen da muka gada daga Ingila bai san na biyu ba: wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗaukar kujera, ko da waɗanda suka ƙi shi sun fi waɗanda suka so shi yawa. Sai a zaɓen 1964 NEPU da UMBC suka shiga inuwa ɗaya, alhali bakin alƙalami ya riga ya bushe, har shi Malam ya rasa kujerarsa.

Zaɓen 1979

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam ya fice daga taron da ya rikiɗe ya zama NPN, ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Jam'iyyu biyar suka shiga zaɓe. A na shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'u kimanin miliyan 5.7, Awolowo na UPN miliyan 4.9, Azikiwe na NPP miliyan 2.8, sa'an nan Malam Aminu da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP kowannensu ya sami kusan miliyan 1.7. Ke nan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe ba su zaɓi wanda ya ci ba, sai dai sun watsa ƙuri'unsu gida huɗu. Mu nan ƙasar Zuru a lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, jihar Shagari, inda GNPP ce ta zo ta biyu, PRP kuwa ba ta taɓuka abin kirki ba.

Shin za a ce ƙuri'ar da aka ba Malam ta tafi a banza? Tarihi bai nuna haka ba. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam ya kwashe fiye da kashi 75 cikin ɗari, bai kai kashi 20 ba. Sai da lauyan NPN, Richard Akinjide, ya kawo lissafin nan na sha biyu da biyu bisa uku, Kotun Ƙoli kuma ta amince da shi a watan Satumba, sa'an nan aka rantsar da Shagari. Ƙuri'ar jiha guda ta kusa juya akalar ƙasa baki ɗaya. Bayan haka PRP ta ci gwamna a Kano da Kaduna, kuma Abubakar Rimi da Balarabe Musa suna hawa suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi shekara da shekaru tana kuka a kansa.

Yadda Bango Ya Tsage

Ba a jima ba gwamnonin biyu suka fara halartar taron da ake kira na gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba: biyar na UPN, biyu na GNPP, da su biyun. Shugabannin jam'iyya, wato Malam da babban sakatare S. G. Ikoku, suka hana su, suka ƙi hanuwa, aka kore su a 1980. Ɓangaren gwamnoni ya ɗauki tsohon jagoran 'yan ƙwadago, Michael Imoudu, ya zama shugabansa, hukumar zaɓe ta FEDECO kuwa ta ce ita ɓangaren Malam ta sani. Mutanen Kano suka raɗa wa ɓangarorin suna. Waɗanda suka zame daga hannun Malam su ne 'yan Santsi, waɗanda suka kafe tare da shi su ne 'yan Taɓo.

Adalci shi ne a ce kowane ɓangare yana da hujjarsa. 'Yan Santsi na ganin ƙaramar jam'iyya ba ta iya ja da NPN ita kaɗai, kuma suna zargin shugabannin da sassauta wa gwamnatin tarayya. 'Yan Taɓo na ganin jam'iyya ce ta haifi gwamna, ba shi ya haife ta ba, suna kuma tsoron kada ƙawancen ya zama tsanin da Awolowo zai taka, a wayi gari PRP ta narke cikin UPN. Duka biyun suna kiran sunan talaka, amma a ƙarshe gabar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninsu da NPN zafi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Kaduna NPN na da kujeru 64 cikin 99 na majalisar dokoki. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, kuma ranar 23 ga Yuni, 1981 ta tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya, a daidai lokacin da jam'iyyarsa ke a rabe. A Kano kuwa, takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero ta jawo tarzomar 10 ga Yuli, 1981, wadda aka ƙone gine-ginen gwamnati a cikinta, aka kuma kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Zaɓen 1983 Da Abin Da Ya Biyo Baya

Allah ya yi wa Malam Aminu rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana saura watanni kaɗan zaɓe. Rimi ya sauka daga kujerarsa ya tsaya takara a NPP, Ikoku kuma ya ƙare a NPN. Babban ƙawancen da aka yi ta begensa ya watse, domin tsakanin Awolowo da Azikiwe an rasa mai janye wa wani. A nan ne aka ga ƙarfin biyayya: duk da farin jinin Rimi da ayyukan da ya yi, Kanawa suka bi mabuɗi, suka zaɓi Sabo Bakin Zuwo. Amma Kaduna ta faɗa hannun Lawal Kaita na NPN, kuma ɗan takarar shugaban ƙasa na PRP, Hassan Yusuf, bai kai ƙuri'u miliyan ɗaya ba, a zaɓen da aka yi ta kukan maguɗi a kansa. Ranar 31 ga Disamba soja suka kawar da kowa.

Ciwon bai warke ba. A 1991 SDP ce ke da rinjaye a majalisar dokokin Kano, amma rikicin ɓangarori ya sa Kabiru Gaya na NRC ya ci gwamna. Da suka haɗa kai a zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta Kano. Ba mu kaɗai ke da wannan cuta ba. A Amurka a 2000, Al Gore ya rasa jihar Fulorida da ƙuri'u 537, alhali Ralph Nader, wanda ra'ayinsu ya fi kusa, ya ɗebi fiye da 97,000 a can. A zaɓenmu na 2023 ma, wanda ya ci bai kai kashi 37 cikin ɗari ba, manyan abokan takararsa uku kuma sun taɓa zama a jam'iyya ɗaya.

Kammalawa

Amsar da zan ba ɗalibina yanzu ita ce, yawa kaɗai ba ya cin zaɓe sai an tara shi wuri guda. Akwai kuma dalilai da suka fi ƙarfin talaka, kamar kuɗi da tsoron hukuma da maguɗi, amma rabuwar kai daga cikin gida ta fito. Ban ga laifin tsohon da ya riƙe mabuɗi har ya mutu ba, domin irin ƙuri'arsa ce ta kashe haraji. Laifin yana wuyan shugabannin da suka ci amfanin biyayyarsa, suka kasa zama su sasanta a kan abin da bai kai wahalar da ya sha ba. Ya kamata mai zaɓe ya tambayi kansa, shin mutum yake bi ko manufa, kuma wa zai amfana idan ƙuri'arsa da ta maƙwabcinsa suka rabu. Allah ya ji ƙan 'yan mazan jiya, na Santsi da na Taɓo, ya sa mu amfana da tarihinsu, amin.

Daga Mahuta, ƙasar Zuru, Jihar Kebbi.