Shekarar da Matan Preston Suka Cika Goodison

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya kawuna ya tsare ni a bakin zaure, ƙwallon roba a hammatata, ƙafafuna sun yi futu-futu da ƙura. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ke, daga yau kada in ƙara ganinki a cikin maza." Ban ƙara ba. Ƙwallon ma ƙanena na bar wa. Shekaru da yawa bayan haka karatu ya kai ni Manchester, wata Asabar ruwan sama ya koro ni cikin gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila, na yi kiciɓis da mutum-mutumin tagulla na wata mace cikin kayan wasa. An rubuta sunanta, Lily Parr. Na daɗe a tsaye a wurin. Tun daga ranar nake bin labarin ƙungiyarta, Dick, Kerr Ladies ta garin Preston, musamman abin da ya faru tsakanin 1920 da 1921.

Sunan na kamfani ne. Dick, Kerr kamfanin ƙera kayan jirgin ƙasa ne da motocin lantarki masu bin dogo a cikin gari. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi zafi, maza suka tafi fagen fama, masana'antar ta koma yin albarusai, aka ɗebi mata aiki. Lokacin hutun cin abinci sai su taɓa ƙwallo a harabar kamfanin. Wani ma'aikacin ofis, Alfred Frankland, ya ga yadda suke taka leda ya zama manajansu. Ranar Kirsimeti ta 1917 suka buga wasansu na farko a Deepdale, filin Preston North End, a gaban mutum dubu goma. Sun ci huɗu da nema, aka tara fam ɗari shida don sojojin da ke jinya.

Da yawa sun zaci in yaƙi ya ƙare abin zai mutu, tunda maza sun dawo, gasarsu ta ci gaba. Sai ya ƙara haɓaka.

A ƙarshen Afrilun 1920 tawagar mata ta zo daga Faransa ƙarƙashin jagorancin Alice Milliat, aka yi wasa huɗu. A Deepdale mutum dubu ashirin da biyar suka ga matan Preston sun ci biyu da nema. A Stockport sun ci biyar da biyu, a Manchester aka tashi kunnen doki ɗaya da ɗaya, a Stamford Bridge da ke Landan baƙin suka rama da ci biyu da ɗaya. Kafin shekara ta fita su ma suka tsallaka teku suka mai da ziyara, suka buga a Paris da Roubaix da Le Havre da Rouen. A wannan shekarar ce Frankland ya ɗauko Lily Parr daga St Helens, yarinya doguwa da ba ta wuce sha biyar ba, mai bugu da ƙafar hagu. Ƙwallo arba'in da uku ta zura a kakarta ta farko. Har yau ana ba da labarin wani mai tsaron gida namiji da ya ce ta gwada shi, ta narka masa ƙwallo ta karya masa hannu.

Akwai wani dare da nake yawan kawo shi a raina. Ranar 16 ga Disamba 1920 suka buga wasa cikin duhu a Deepdale, a zamanin da filayen wasa ba su da fitilu. Sai aka aro manyan fitilu biyu na soja, irin waɗanda ake haska sararin sama da su don hango jiragen abokan gaba, da izinin Ma'aikatar Yaƙi wadda Winston Churchill ke riƙe da ita a lokacin. Ƙwallon fata ce mai duhu, don haka aka riƙa shafa wa ƙwallaye farin fenti ana jefo sabuwa in waccan ta yi dauɗa. Ku duba wannan ɗawainiya. Ba wanda zai ɗauko fitilar yaƙi ya kai filin wasa don abin da mutane ba sa son kallo.

Ba da daɗewa ba bayan nan, a hutun Kirsimeti, suka je Liverpool suka kara da St Helens a Goodison Park, gidan Everton. Mutum dubu hamsin da uku suka shiga, aka rufe ƙofa aka bar fiye da dubu goma a waje. Wasan ƙarshe na Kofin FA na maza a wannan shekarar, tsakanin Aston Villa da Huddersfield, dubu hamsin da 'yan kai ne suka kalla. Jennie Harris ce ta fara jefa ƙwallo a raga kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo, kyaftin Alice Kell, wadda 'yar baya ce, ta koma gaba ta zura uku ita kaɗai. Aka tashi huɗu da nema. Kuɗin ƙofa ya haura fam dubu uku, aka ba tsofaffin sojoji naƙasassu da waɗanda suka dawo ba su da aikin yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waɗannan mata ba ƙwallo ce sana'arsu ba. Aiki suke yi cikakke, yawancinsu a masana'anta. A 1921 sun buga wasa sittin da bakwai, 'yan kallo kusan dubu ɗari tara a jimlace. Wato fiye da wasa ɗaya kowane mako, a tashi daga aiki a kama jirgin ƙasa, a buga cikin taɓo da sanyi, a dawo tsakar dare, da asuba a koma bakin inji. Abin da ake ba kowace sule goma ne a wasa, na mota da na lokacin aikin da ta rasa. Rigarsu mai ratsin baƙi da fari ce, da 'yar hula mai irin ratsin a ka. Idan na kalli hotunansu, fuskokin nake dubawa. Yara ne, wasu ko ashirin ba su kai ba, sun harɗe hannuwa a ƙirji suna kallon mai hoto ido cikin ido.

Ranar 5 ga Disamba 1921, shekara ɗaya ba ta cika ba da taron Goodison, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta zauna ta yanke hukunci. Ta ce ƙwallo ba ta dace da mata ba, kuma bai kamata a ƙarfafa musu gwiwa ba. Ta ce an kawo ƙorafi kan yadda ake kashe kuɗin ƙofa, wai abin da ake cirewa na ɗawainiya ya yi yawa. Sannan ta nemi duk kulob ɗin da ke ƙarƙashinta ya hana mata filinsa. Aka samu likitocin da suka tsaya mata, suna cewa wasan zai illata jikin mace.

Ni dai wannan hujja ba ta shige ni ba. Jikin da ya shekara da shekaru yana aikin albarusai, ba wanda ya ce masa bai dace ba sai da ya cika Goodison. In kuwa lissafin kuɗi ne matsala, a binciki littafin manaja, me ya kawo rufe ƙofa ga kowace mace a ƙasar? A ganina abin da ya tsone wa hukumar ido shi ne taron jama'a da kuɗin da ke wucewa ba ta hannunta ba. Ga kuma 1921 shekarar rikicin masu haƙar kwal ce, inda ƙungiyoyin mata a arewacin Ingila suka riƙa buga wasa don ciyar da iyalan ma'aikatan da aka rufe wa ma'adinai. Wannan bai yi wa manya daɗi ba.

Matan Preston ba su ajiye takalma ba. Suka koma filayen da hukumar ba ta da iko da su. A 1922 suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada, suka tarar can ma an hana su wasa, suka gangara Amurka suka kara da ƙungiyoyin maza sau tara: nasara uku, canjaras uku, rashin nasara uku. A 1926 kamfanin ya raba gari da su, suka koma Preston Ladies. Amma filin da ba shi da rumfa ba ya ɗaukar dubu hamsin, kuma yarinyar da ba ta taɓa ganin mace a babban fili ba, da wuya ta roƙi a saya mata takalmin ƙwallo. A hankali taron ya yi ta raguwa, har ƙungiyar ta watse a 1965 saboda ƙarancin 'yan wasa. Sai a 1971 aka ɗage takunkumin, bayan shekara hamsin.

Lily Parr ta ga wannan rana. Ta yi aikin jinya a asibitin Whittingham kusa da Preston, ta ci gaba da wasa har 1951, ta rasu a 1978. Mutum-mutumin da na tsaya a gabansa a 2019 aka kafa shi. Kafin in fita daga ginin na sayi ƙaramar ƙwallo a shagonsu, na sa a jaka, na kawo wa 'yar ƙanena tsaraba.