Alamar zancen wani: yadda ake rubuta maganar mutum ba tare da an ari bakinsa an ci masa albasa ba

 Yawancin saƙonni da sanarwoyin da kuke aiko mana yanzu a rubuce suke zuwa ta salula, kuma da wuya a rasa maganar wani a ciki: mai gari ya ce kaza, malamar asibiti ta ce kaza. Shi ya sa muka tara ƙa'idojin rubuta maganar mutum wuri ɗaya, don mai aiko da saƙo da ɗan lakwal da mushensa su riƙa dubawa.

Mece ce alamar?

Alamar zancen wani wasu ƴan ƙananan zane ne guda biyu da ake sawa a farkon maganar mutum da ƙarshenta. Ta farko tana buɗewa, ta biyu tana rufewa. Duk wanda ya sa su, to ya yi wa mai karatu alkawari ne cewa abin da ke tsakaninsu shi ne ainihin kalmomin da suka fito daga bakin mai maganar, ba ragi ba ƙari.

Ku dubi waɗannan layuka biyu:

Ɗan kasuwar ya ce na ci bashin jika 50.
Ɗan kasuwar ya ce, “Na ci bashin jika 50.”

Kalmomin ɗaya ne. Amma a layin farko mai rubutun ne ake bi bashi, ɗan kasuwar yana zarginsa. A layi na biyu kuwa ɗan kasuwar ne ya amsa da bakinsa cewa shi ya ci bashin. Kun ga ke nan, idan irin wannan saƙo ya je hannun dangi a Abijan babu alama, sai a yi ta jin haushin wanda bai ci ba bai sha ba. Haka abin yake a maganar iyakar gona, ko ɓarnar dabbobi lokacin kaka, ko sadakin aure.

Iri biyu da muke gani a nan

A ƙasarmu alamar tana da kama biyu. Wanda ya yi lakwal ya saba da ta Faransanci, mai kamar bakin kibiya, « », wadda mushe ke kira giyme. Wanda ya saba da karanta littattafan Hausa na Kano da Zariya, ko shafukan BBC Hausa da jaridar Aminiya, ya fi sanin ta Ingilishi mai kamar waƙafi biyu a sama, “ ”. Rubutun Hausar boko a Najeriya ya tashi ne kusa da Ingilishi, tun zamanin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, shi ya sa ya ɗauki alamomin Ingilishi. Namu kuma ya tashi kusa da Faransanci.

Sanin duka biyun ya zama dole yanzu. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yaranmu ma suna fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji har zuwa jarrabawar BEPC. Yaro ɗaya zai rubuta maganar wani da harsuna uku, kowanne da tsarinsa.

Kada a ɗauka wai Turawa ne suka koya mana kiyaye maganar mutane. A littattafan Larabci da malamanmu ke karantarwa a zaure, marubuci kan buɗe maganar wani malami da kalmar ƙala, wato ya ce, idan ya kai ƙarshenta kuma ya rubuta intaha, wato ta ƙare. Aikin da alamar zance ke yi ke nan, sai dai ita zane ce.

Ƙa'idoji bakwai na tsarin Ingilishi, waɗanda Hausar boko ma ke bi

1. Waƙafi kafin a buɗe. Idan sunan mai magana ya zo da farko, a sa waƙafi bayan “ya ce” sannan a buɗe alamar. Wasu marubutan Hausa ruwa biyu (:) suke sawa, shi ma ba laifi.

Mai garin ya ce, “Gobe za a gyara rijiyar.”

2. Babban baƙi a farkon maganar. Ko da maganar ta faɗo a tsakiyar layi, harafinta na farko babba ne, domin ita kanta jimla ce cikakkiya. Dubi G ɗin Gobe a sama. Ɗan kwaleji zai ga haka a Ingilishi:

The teacher said, “Open your books.”

3. Idan mai magana ya zo a ƙarshe, waƙafi ke rufe maganar a cikin alamar, aya kuma ta jira ƙarshen layi. Kalmar da ke biye da ƙaramin baƙi take farawa.

“Gobe za a gyara rijiyar,” in ji mai garin.
“Open your books,” said the teacher.

4. Idan aka raba magana biyu, rabi na biyu da ƙaramin baƙi yake farawa muddin jimlar ba ta ƙare ba.

“Idan ruwa ya sauka,” in ji manomin, “za mu shuka gero.”

Idan kuwa jimlar farko ta ƙare, sai a sa aya, ta biyu ta fara da babban baƙi.

“Ruwa ya sauka,” in ji manomin. “Za mu shuka gero.”

5. Alamar tambaya da ta motsin rai suna bin mai su. Idan wanda ake ɗauko maganarsa ne ya yi tambayar, alamar tana ciki, kuma ba a ƙara mata waƙafi ko aya.

“Nawa ne tiyar gero yau?” in ji matar.

Idan mai rubutun ne ke tambaya, alamar tana waje.

Wa ya ce “a rufe kasuwa”?

6. Magana a cikin magana. Ta waje tana ɗaukar alama mai zane biyu, ta ciki mai zane ɗaya.

Makiyayin ya ce, “Mai gonar ya ce mini, ‘Wuce da shanunka.’”

7. Sabon mai magana, sabon layi. Kada a cusa maganar mutum biyu a sakin layi ɗaya. Idan kuma maganar mutum ɗaya ce ta yi tsawo har ta kai sakin layi biyu ko uku, ana buɗe alamar a farkon kowanne, amma ba a rufewa sai a na ƙarshe.

Inda Faransanci ya bambanta

Faransanci yana sa ruwa biyu kafin maganar, yana kuma barin ɗan fili tsakanin alamar da kalmar da ke ciki:

Le maire a dit : « Le marché ouvre demain. »

Ingilishi ba ya barin wannan fili, alamar manne take da kalma. Nan ne ƴan kwaleji suka fi tuntuɓe: su rubuta jimlar Ingilishi da giyme, ko su bar fili bayan sun buɗe. Haka kuma a littattafan labari na Faransanci za ku ga dogon kara a farkon layi duk lokacin da wani ya karɓi magana. Ingilishi alamar zance yake sake buɗewa.

Su ma masu Ingilishin bakinsu bai zo ɗaya ba. A Amurka aya da waƙafi kullum cikin alamar suke shiga. A Ingila idan guntuwar kalma ce aka ɗauko, ayar tana fita waje, kuma yawancin littattafansu alama mai zane ɗaya suke sawa a waje, mai biyu a ciki.

Mu a Hausa mai zane biyu ta fi mana sauƙi, saboda muna da ɗan zane guda a cikin kalmomi irin su jama'a, sa'a da ma'ana. A Najeriya ma har da 'ya'ya haka ake rubutawa, inda mu ƙa'idar rubutun Hausa ta ma'aikatar ilimi ta 1999 ta ba mu harafin ƴ. Idan aka buɗe magana da zane ɗaya, mai karatu ba zai gane inda ta tsaya ba.

A wannan shafi “ ” muke amfani da ita. Wanda ya aiko da « » ma bai yi kuskure ba. Abin da ba a so shi ne a buɗe da wannan a rufe da waccan, ko a buɗe a manta ba a rufe ba.

Wuraren da ba a sa alamar

Na farko, bayan kalmar cewa. Idan ka ce cewa, to kai ne ke ba da labari da bakinka, kuma wakilin suna zai juya.

Likitan ya ce, “Zan dawo ran Litinin.”
Likitan ya bayyana cewa zai dawo ran Litinin.

Zan ya koma zai, alamar ta fita. Duka biyun daidai ne.

Na biyu, bayan wai. Wai tana nuna cewa ji ka yi daga wani, ba ka ji da kunnenka ba. Alamar zance kuwa shaida ce ta cewa haka aka faɗa. Ba sa haɗuwa a kan magana ɗaya. Ji-ta-ji-tar da ke yawo a WhatsApp da Facebook, an manna hoton wani babba an sa magana a cikin alama, ba ta zama gaskiya don an yi mata alamar ba. A tambayi inda ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Na uku, idan taƙaitawa ka yi. Mutum ya yi magana ta minti 10, ka tattara ta a layi biyu, to kalmominka ne, ka rubuta “a cewarsa” ka bar alamar. Idan kuma ka ɗauko maganarsa ka cire wani yanki a tsakiya, sa ɗigo uku (…) a wurin, da sharaɗin abin da ka cire bai juya ma'anar ba. Wanda ya ce zai biya idan an kawo shaida, ba daidai ba ne a yanke rabin ƙarshe a bar “zan biya” kaɗai.

Akwai kuma maganar fassara, wadda ta shafe mu ƙwarai a gundumar Dakoro, inda Hausawa da Fulani da Abzinawa suke zaune tare. Kantoma na iya yin jawabi da Faransanci, ardo ya yi da Fulatanci, wani ya yi da Tamajak. Idan an fassara maganar jimla bayan jimla ana iya sa ta cikin alama, amma a faɗa wa mai karatu harshen da aka yi ta. Idan ma'anar kawai aka kawo, a bar alamar.

A rediyo fa?

Kunne ba ya ganin alama. Shi ya sa mai karanta labarai yake ɗan tsayawa ya ce “ga abin da ya faɗa”, idan ya gama kuma ya ce “ƙarshen maganarsa ke nan”. Amma ba zai san inda zai tsaya ba sai wanda ya rubuto takardar ya sa alamar a inda ya dace. Idan babu ita, mai saurare a ƙauye zai ɗauka gidan rediyo ne ke zargin wani, alhali maganar wani muke isarwa.

Yadda za ku same ta a salula

A yawancin wayoyin zamani, ku shiga ɓangaren lambobi da alamomi, ku danna alamar zance ku riƙe ta kaɗan. Za ta fito muku da iri-iri, har da « » da “ ”. A kwamfuta kuma, manhajar Word da kanta take mai da alamar giyme idan an saita ta a Faransanci, ta mai da ita ta Ingilishi idan an saita ta a Ingilishi.

Kafin ku aiko da saƙo

Ku duba abu uku. Da kunnenku kuka ji maganar, ko kuna da muryar a waya? Kun faɗi wanda ya yi ta da inda ya yi ta? Kun rufe alamar da kuka buɗe? Idan kuna shakkar kalmomin, ku rubuta abin da kuka fahimta da “a cewarsa”, ya wadatar. Magana zarar bunu ce, ta rubutu kuma ta fi daɗewa, don ana iya tura ta daga Dakoro ta isa Tarabulus cikin minti ɗaya, mai ita bai sani ba.

Malaman makaranta da ke son a karanta waɗannan ƙa'idoji a filin yara suna iya aiko mana da misalan da suka fi ba ɗalibansu wahala, mu duba su tare.