Gano Tushen Kabon a Madatsun Ruwan Sha

Ruwan da ke kwance a kowace madatsa yana ɗauke da narkakken kabon na abubuwa masu rai, kuma daga wuri biyu yake zuwa. Wani kabon, ruwan sama ne ke wanko shi daga gonaki da dazuzzuka, wato ruɓaɓɓen ganye, saiwoyi da kashin dabbobi. Wani kuwa a cikin madatsar ake samar da shi, inda gansakuka da ciyayin ruwa ke tsiro su mutu su ruɓe. Matsayin wannan maƙala shi ne, matatar da ba ta tantance wanne ya fi yawa a ruwanta ba, lalube kawai take yi.

Damuwar ta samo asali ne a 1974, lokacin da Johannes Rook, masanin sinadarai a hukumar ruwa ta Rotterdam a ƙasar Holan, ya nuna cewa kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta yana haɗuwa da wannan kabon ya haifar da wasu sinadarai, ciki har da kulorofom. Ba a cewa a rage kulorin saboda haka, domin kwalara ta fi gaggawar kisa. Abin yi shi ne a rage kabon kafin kulorin ya iske shi. A nan ne sanin tushe ke da amfani: alam yana kama kabon da ya fito daga ƙasa ya kwantar da shi cikin sauƙi, amma na gansakuka yakan kuɓuce masa, komai yawan buhunan da aka juye.

To, yaya ake bin sawunsa? Hanya mafi ƙarfi ita ce auna kabon-13. Bishiyoyi, shinkafa da wake suna cikin rukunin tsirran da ake kira C3, waɗanda ma'auninsu ke kusa da -27 cikin dubu. Gero, dawa, masara da yawancin ciyayin ƙasashe masu zafi kuwa 'yan rukunin C4 ne, nasu yana wajen -13. Wannan tazara takan bi ganye har bayan ya ruɓe. Sai dai hanyar tana da rauni, domin ma'aunin gansakuka yakan faɗa cikin na bishiyoyi. Shi ya sa ake haɗawa da rabon kabon da naitirojin, wanda a gansakuka bai cika wuce 10 ba, a tsirran tudu kuwa yakan haura 20. Kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730, shi ke bambanta ganyen bara da tsohuwar ƙasar da zaizaya ta tono.

An yi bincike da yawa kan wannan kabon a arewacin Turai, inda ruwan madatsu ya riƙa yin duhu kamar shayi. Wani nazari da Monteith da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2007 ya danganta hakan da raguwar ruwan sama mai asid. Bayanin ya dace da can, amma bai kamata a ɗauko shi a jingina wa madatsar Tiga ko ta Challawa ba. Ƙasarmu daban, yanayinmu daban. Kogin Kano ta dajin Falgore yake ratsowa kafin ya shiga Tiga, ga gonakin dawa da masara kewaye, ga takin zamani da ke ciyar da gansakuka idan ruwa ya kwanta da rani. Hasali ma, mun fi Turawa sa'a a nan, tunda sawun gona da na daji a bayyane suke a ma'auninmu.

Ɗibar ruwa sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Sai an auna a farkon damina, lokacin da ruwan fari ke wanko dattin rani, a sake aunawa da kaka da kuma bazara. Idan gona ce tushen, a bar shingen ciyawa a bakin rafuka. Idan gansakuka ce, a rage takin da ke gangarowa. Wannan aiki ne da ya kamata jami'o'inmu da hukumomin ruwa su ɗauka tare, kafin a ƙara ware wani kuɗin alam.