Yadda ake renon ƙwan haihuwar ɓera a ɗakin gwaje-gwaje, da abin da ya shafi ɗan Adam

Duk matar da ta taɓa feɗe kaza mai ƙwai, a Tsafe take ko a Bungudu, ta san wannan curin ƙwayaye da ake tararwa a cikinta: wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar goro, ɗaya ko biyu sun kusa fita. Haka ma'ajiyar ƙwan mace take a jikin ɓera da ɗan Adam, sai dai nasu ƙwan ƙanana ne ƙwarai. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai tsakanin miliyan 1 zuwa 2, amma waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba.

Ƙwai ba ya girma shi kaɗai. Kowanne yana kwance ne cikin wata 'yar jaka ta ƙwayoyin halitta da ke kewaye da shi, su ne masu renonsa. Suna miƙa masa abinci ta wasu siraran hanyoyi da suka ratsa ɓawonsa, shi kuma yana aika musu da sinadaran da ke umartar su da su hayayyafa. Suna kuma riƙe shi kada ya yi gaggawar nuna. Sai ranar da sinadarin LH ya kwararo daga ƙasan ƙwaƙwalwa sannan su sake shi, ya raba kuromosom ɗinsa biyu: daga 40 zuwa 20 a ɓera, daga 46 zuwa 23 a mutum, domin maniyyi ya cika ragowar rabin. A ɓera wannan girma kan ɗauki mako biyu zuwa uku; a mutum watanni yake ci. Shi ya sa masana suka fara da ɓera.

Wanda ya fara cin nasara shi ne John Eppig na cibiyar Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, tare da abokiyar aikinsa Marilyn O'Brien. A 1996 sun ɗauki ma'ajiyar ƙwan jaririyar ɓera suka rene ta kwana 8 cikin ruwan sinadarai, sannan suka ware ƙwayayen da masu renonsu suka ci gaba da renon su kwana 14. Ɓera ɗaya tak ya rayu, aka sa masa suna Eggbert, shi ma daga baya ya yi fama da ƙiba da cututtuka. Da suka gyara hanyar a 2003, sun samu 'ya'ya 59. A 2006 ayarin Teresa Woodruff na jami'ar Northwestern ya magance wata matsala: jakar takan baje idan aka ajiye ta a faranti, sai suka lulluɓe ta da wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku, ta riƙe siffarta, aka kuma samu haihuwa.

Abin da ya fi girgiza masana ya zo ne daga Japan a 2016. Katsuhiko Hayashi na jami'ar Kyushu ya ɗauki ƙwayoyin fatar wutsiyar ɓera, ya mayar da su ƙwayoyin asali masu iya rikiɗa zuwa kowane sashen jiki, ya cuɗa su da masu reno da aka ciro daga 'yan tayi, cikin kusan mako biyar suka zama ƙwai. A 2021 ayarinsa ya samar da masu renon su ma daga ƙwayoyin asali, wato jakar gaba ɗaya ta zama ta ɗakin gwaji. Sai dai alƙaluman na buƙatar a karanta su da natsuwa, domin kanun labarai ba su cika ambatonsu ba: a ɗaya daga gwaje-gwajen 2016, cikin 'yan tayi 316 da aka dasa wa iyaye, 11 ne kawai aka haifa.

Me ya haɗa wannan da mutumin Gusau? Maganin kansa da dashen ɓargo sukan kashe ƙwan mace, kuma dashen ɓargo ne hanyar da aka daɗe da sani ta warkar da sikila, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. A 2015 likitoci a Beljiyam sun sanar da cewa wata mai sikila, wadda aka cire ma'ajiyar ƙwanta aka daskarar tana 'yar shekara 13 kafin a yi mata dashe, ta haifi ɗa namiji bayan an mayar mata da naman. Amma ga mai kansar jini, mayar da naman na iya dawo mata da cutar. Mafita a nan ita ce a reni ƙwan a waje, kuma wannan ne binciken ɓera yake share wa hanya.

Tafiyar da sauran nisa. A 2018 Evelyn Telfer ta jami'ar Edinbara ta reni ƙwan mutum tun daga matakin farko, 9 suka kai matakin ƙarshe, amma siffarsu ta nuna alamun tangarɗa, kuma ba a haɗa ko ɗaya da maniyyi ba. Kada a rikita wannan da dashen ɗan tayi da asibitocin Abuja da Legas ke yi, wanda a cikinsa ƙwan yakan girma ne a jikin matar kafin a ciro shi. A al'ummar da ake saurin kiran mace juya, ko da matsalar daga mijin take, masu neman haihuwa kasuwa ce babba ga 'yan damfara. Duk wanda ya ce zai ƙera wa mace ƙwai daga fatarta a yau, a Gusau ne ko a Alƙahira, yana tallata abin da a ɓera kaɗai aka taɓa samun haihuwa da shi.